Gindin Lemo

Ranar Talata, ana yayyafi, likitar ta miƙo hannu ta ce wa Mama da 'ya'yanta su kawo ɗan curin kakin da ta nema a waya.

"Guntun ƙarin da aka cire wa Mama bara yana ciki. Za mu karanta ƙwayoyin halittarsa, mu ga inda suka sauya, mu san maganin da zai ji."

Autan ya sunkuyar da kai. Shi ya karɓo shi bayan tiyata. Da ya hango naman uwarsa daskare a ciki, zuciyarsa ta ƙi. Ya naɗe shi da farin ƙyalle, ya binne a gindin lemo, yana ganin ya yi abin kirki. Jiya ya tona, bai samu komai ba.

"In babu fa?" in ji yayarsa.

"Sai an sake yanka ta, magani ya jira wata guda."

Ya buɗe baki, uwar ta dafa gwiwarsa.

"Ni na zubar, likita. Tsufa ne." Ta raɗa masa, "Auta, ɓoye farcenka, duk laka."

An rasa guntun nama ɗaya, da wata guda na magani, da idon da Autan zai kalli uwarsa da shi.