Kumbon Karan Dawa

A lakwal, makarantarmu ta Buza, mushe, malaminmu, ya ce akwai duniyar da ƙasarta ke jan komai da ƙarfi. Da la'asar na haɗa kumbona na karan dawa, na cika shi da tsakuwa, na hau katanga na sake shi ya sauka da kansa. Ya tarwatse.

Ina cikin kuka Inna ta dawo daga rijiya, tulu a ka, wuyanta na rawa.

"Kai, wa ya ce maka mai nauyi na sauka shi kaɗai? Taho ka sauke ni."

Na tallabi gindin tulun, muka aje shi sannu.

Yanzu da na girma, kullum a gajiye nake dawowa gida. Nakan ɗan tsaya bakin ƙofa, amma ba wanda zan ce wa taho.