Fostar Auta

Mai fosta ya yi ta ƙara girman fuskar Auta har ta cika gilashin kwamfuta.

Uwar Auta na zaune a bakin benci, ta ƙanƙame jakarta a cinya. Bangon shagon duk fostocin finafinai ne, masu bindiga da masu kuka da masu harara. Ita ba fim ne ya kawo ta ba. Autanta ne ya fita tun farkon damina bai dawo ba, washegarin ranar da babansa ya ce ya gaji da ciyar da ƙato. Ita dai ɓata take cewa ya yi, kuma ba ta son a gyara mata.

Ta riga ta lilliƙa farar takardar cigiya a tasha da bakin kasuwa. Ta tsaya da ƙafarta tana kallo, mutane suna wuce takardar kamar ba komai a bangon, amma sai su ja birki a gaban fostar fim da ke kusa da ita. Abin da ya kawo ta ke nan.

"Mama, aikin fosta ɗaya ne, ta tsayar da mai sauri," in ji mai fosta. "Ido ya kalli mai wucewa, suna ya fito babba, sauran bayani a ƙasa ƙanana."

Hoto ɗaya gare ta, wanda suka ɗauka tare ranar da ya gama makaranta. Mai fosta bai cire ta ba. Ya ce fuska biyu ta fi jan ido, mai nema da wanda ake nema. Ya rage girmanta, ya ajiye ta a kusurwar ƙasa, lambar wayarta a ƙarƙashin haɓarta. A sama ya rubuta INA KAKE? da ja.

Daga nan hannunsa ya shiga aikin da ya saba. Ya goge ƙuraje, ya miƙe hanci, ya zuba haske a kumatu. Ita ma ya share mata tamoji, ya mai da ta kamar ƙanwarta.

"Ɗan nan, ina tabon girarsa?" ta tambaya. Ƙofar ƙarfe ce ta yi masa shi yana rarrafe, har yau laifin kanta take gani.

"Tabo ba ya tsayar da kowa, Mama. Haka muke yi wa duk jarumai."

Ta so ta yi gardama. Amma ba ta taɓa ganin Auta da kyau haka ba, kuma ta ce a ranta mai sana'a ya fi ta sani.

Fostar ta yi aikinta. Mutane suka tsaya, waya ta dinga ruri. Duk kiran da ya shigo sai ta kasa kunne tana jiran ta ji in'inar nan tasa, yadda yake maƙalewa kafin ya iya cewa Mama. Sai ta ji wani yana tambayar yaushe fim ɗin zai fito. Wata yarinya ma so take ta ji ko jarumin yana da aure.

"Kin mai da mu abin dariya a gari," in ji maigidanta.

Idan abin ya ishe ta, ɗakin Auta take shiga ta yi shara, ko da babu ƙura. Ta gyara shimfiɗa, ta shafa hotunan 'yan ƙwallon da ya yanko daga jarida da reza ya manna a bango, kowanne a miƙe sambal kamar an gwada.

Sannan kiran ya fara ja baya, har ya ɗauke.

Ta fita dubawa. A tasha fostar tana nan, Auta yana kallon masu wucewa, amma kusurwar ƙasa babu. An ɗauke fuskarta da lambar gaba ɗaya. Ba yaga aka yi ba, yanka ne mai tsabta. Bakin kasuwa ma haka, jikin gada ma haka.

Ta liƙa sababbi, aka sake yankewa. Barci ya ƙaurace mata. Wa zai hana a kira ta in ba waɗanda ke riƙe da shi ba? Ko maigidan ne yake sa a cire don kunya? Ta fara kallon hannuwansa idan yana cin abinci.

Da fosta ta ƙarshe a hannu ta koma tasha. A gindin bangon akwai wani tsoho mai gyaran takalmi. Ta gaishe shi, ta nuna masa wurin yankan. Ya dubi fostar da ke hannunta, ya dube ta, bai ga wata alaƙa ba.

"Baba, don Allah wa yake ɓata min wannan?"

"Au, fim ɗinku ne? Wani yaro ne mai ɗaukar kaya, a nan bayana yake kwana. Na sha yi masa faɗa. Na ce in hoto kake so ga jarumi nan, me za ka yi da na wata mata? Sai ya sa a aljihun gaba ya yi tafiyarsa."

"Yana ina yanzu?"

"Ya bi wata babbar mota tun makon jiya, ya ce ya bar garin ke nan." Tsohon ya ja zare da haƙori ya tsinka. "Ki yafe masa, baiwar Allah, ba ya da fitina. Kafin ya haɗa magana ɗaya kin gaji da jira saboda in'ina, ga wani tabo da ya raba masa gira biyu."