Masterji Bai Ce a Zauna Ba

Ina turo mahaifina Abbaji a keken guragu zuwa tsakar gida, tsofaffin ɗalibansa, masu kiransa Masterji, suka miƙe daga gadon igiya, har da mai dogara sanda. Haka ya horar da su: in malami ya shigo a tashi, ba mai zama sai ya ce.

"Ku zauna mana, ga shayi," na ce.

Wani mai furfura ya shafa kunnensa. "'Yata, Masterji bai ce ba. Kunnen nan bai manta hannunsa ba."

Suka yi dariya, suna jira. Ba su san shanyewar ɓarin jiki ta tafi da maganarsa ba.

Leɓɓan Abbaji suka yi ta rawa, yawu ya zubo kan farar rigarsa. Dariyar ta ɗauke.

Ni ma a ajinsa na koyi karatu. Shayin ya huce muna tsaye.