Kwaɗo a Ƙofar Cibiya

Ranar da ƙanena ya yarda zai daina shan taba, kwaɗo muka tarar an garƙame a ƙofar cibiyar taimaka wa masu son dainawa.

A nan ni ma na daina shan taba bara. Su suka ba ni maganin mannawa a dantse, su suke bugo mini waya idan sha'awar ta taso. Tun lokacin nake lallashin ƙanena, makanikin da tari ke katse wa magana. Sai da ya ga jini a hankicinsa ya ce, "Yaya, kai ni."

"An tashi," in ji mai gadi. "Ba ku ji a rediyo ba? Mashaya sun ragu a ƙasa. Gwamnati ta ce aiki ya yi kyau, babu sauran buƙata."

"To, shi fa?" Na nuna ƙanena.

"Ya makara, malam. Irinku da kuka daina ne kuka cika musu adadin."

Ƙanena ya yi dariya, dariyar ta koma tari har ya dafa bango. "Yaya, ashe kai ka rufe mini ƙofa. Da ka daure ka ƙara shekara kana sha, da na samu shiga."

A inuwar allon cibiyar, wani mai tebur ya riga ya jera kwalayen tabarsa. Ƙanena ya laluba aljihu, bai sami komai ba, ya dube ni.

Ni na saya masa kara ɗaya. Ni na ƙyasta masa ashana.