Ƙorafi na Goma Sha Biyu

Ƙarfe uku da rabi Kokilaben ta gama sassauta ƙusa ta biyu a ƙugiyar lilon falonta, ta sauko daga kan kujera tana haki, ta tura sukudireba cikin gwangwanin shinkafa. Shekararta sittin da takwas, gwiwoyinta ba sa shiri da hawa, amma yau ba ranar lallashin gwiwa ba ce. Ƙarfe biyar na yamma garantin gidan zai ƙare.

Kamfanin da ya gina benen nasu a bayan garin Ahmedabad ya ba masu saye garantin shekara biyu, da takarda mai gida uku. Idan mai dubawa ya rubuta "laifin magini", gyara kyauta ne, kuma dole ya dawo sau uku: ranar awo, ranar aiki, ranar tabbatarwa. Idan ya rubuta "tsufan amfani", sai mutum ya rungumi haƙuri. Gida na uku kuwa, "ɓarnar ganganci", yana soke garantin nan take.

Kokilaben gida na farko take so a ja mata a takardar, kamar ta yi me. Ƙorafi goma sha ɗaya ta kai: kan famfo, sakatar banɗaki, marfin kabad, har da tayil ɗin da turmin yaji ya tsaga. Sau goma sha ɗaya ana dangwara mata tsufan amfani. A ofishin kamfanin, da an ga lambarta sai 'yan matan da ke amsa waya su hau tura wa juna.

Ƙarfe huɗu cif Dhaval ya ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne mai dubawa na shiyyar, dogo, busasshe, mutumin da in ka ce masa sannu sai ya duba ko tana cikin ƙa'ida. Ya cire takalmi, ya danna kyamarar da ke maƙale a aljihun rigarsa. Dokar kamfani ce: daga shiga har fita a ɗauki hoto da murya, kada wani ya ce an yi son kai.

"Barka da yamma, Madam. Ƙorafi na sha biyu. Lilo."

"Sannu da zuwa, Injiniya. Ka ƙara ramewa. Kamfanin naku ba ya barin mutane su ci abinci ne?"

"Lilo, Madam."

Ya taka kujera ya leƙa. Ga sabon karce nan a kan ƙusoshin yana ƙyalli, ko makaho ya shafa zai gane. Dhaval ya ɗan karkata ƙirjinsa, kyamara ta koma kallon fanka.

"Da kansu suka kwance," in ji ta. "Ina zaune."

"Lilon nan ya ba shekara talatin da biyar baya, Madam. Sarƙarsa ta ci ƙugiyar."

"Wane gida ne a garin nan ba lilo? In rufinku ba zai ɗauki lilo da tsohuwa ɗaya ba, ku rubuta a ƙofa cewa tattabaru kuke gina wa."

"Shi ya sa ake ce masa amfani. An hau, ya tsufa."

"Ni ma an yi amfani da ni na tsufa. Rubuta ni a takardar."

Bai yi dariya ba, ko da yake gefen bakinsa ya so ya ci amanarsa. Ya ciro nasa sukudireban ya ɗaure ƙusoshin tam, ya sauko, ya ja biro a gida na biyu. Tsufan amfani, karo na sha biyu.

Nan fa jikin Kokilaben ya yi sanyi. Masifar da ta tanada tun safe ta bi iska. Ta shiga kicin ta fito da shayi ba sukari da thepla, wato gurasar garinsu, guda biyu masu zafi. Doka ta yarda da shayi, ban da abinci. Ya shanye a tsaye, idonsa na satar kallon farantin, sannan ya kai kofin kicin da kansa ya wanke. Ya ɗan jima a can.

Biyar saura kwata ya sa takalmi a bakin ƙofa, ya kashe kyamara. Sai ya rage murya.

"Bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana yoyo a cikin bango. Wannan ba hannun kowa, laifin magini ne na gaskiya. Duk ƙorafin da ya shiga kafin biyar yana nan da ransa har a gama shi. Zuwa uku ne."

Ya sunkuya ya taɓa ƙafafunta yadda ake gaida manya a garin, ya gangara matakala da sauri, wayarsa na ta kuka a aljihu.

Kokilaben ta manta da gwiwa. Kafin ya kai ƙasa ta kira ofis, ta zayyana bututu da bango, ta ce a turo mata mai dubawan da ya fita yanzu.

Yarinyar da ke amsa waya ta kasa haƙuri. "Madam, don Allah in tambaye ki. Kullum shi kike cewa a turo, kullum kuma shi ke hana ki. Ko a canza miki wani mai sauƙi?"

"Kul, 'yata, shi za ki turo," in ji Kokilaben, tana ƙunshe theplan a leda don gobe. "Shekara biyu ina kiransa cin abinci yana ce mini aiki ya yi yawa, to ga aikin nan. Taurin kan kuma bar ni da shi, ni na haife shi."