Memori a Bakin Zane

Tsohuwar ta ɗauki lokaci tana kwance ƙullin bakin zanenta, Mubarak kuwa yana tsaye bayan kanta yana kare hanci da bayan hannu. Warin bandar kifi ya riga ta shigowa shagon. A duk layin masu kayan lantarki na kasuwar Yelwa babu wanda ya kai shi raina mutanen tunga, alhali shi ma ɗan masunci ne, da kuɗin kifi aka saya masa wandon makaranta. Tun da ya koyi danna kwamfuta ya sa aka rubuta "Injiniya" a allon shago, sunan ya bi shi har na yanka ya ɓace a kasuwa.

Ranar kuwa ransa a ɓace yake. Gobe hakimi zai zauna a Wara kan gonar albasar mahaifinsa, Malam Yakubu, wadda ke bakin tafki inda ruwa ke janyewa da rani. Wata uku ke nan da tsohon ya rasu a wata tunga mai nisa inda ya je kamun kifi, aka binne shi can, labari kawai ya iso gida. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, ƙanen marigayin, Bappa, ya ce an ba shi gonar kyauta, ya kuma kawo mutum biyu da suka ce a gabansu aka yi. Mubarak ba shi da shaida ko ɗaya, kuma gonar nan ita kaɗai ta rage masa ta uba.

Ƙullin ya kwance. Ciki akwai leda, cikin ledar akwai takarda, cikin takardar akwai memorin waya ɗan mitsitsi kamar farce.

"Ɗana, na'ura nika so wadda za ta hidda abin da ke ciki a talabijin," in ji ta. "Wayar ta faɗa ruwa, shi kaɗai anka tsamo."

A shekarun nan ne waya mai kyamara ta fara shiga tungaye, kuma Mubarak ya san abin da suke ɗauka da ita: rawar biki, hoto yana karkarwa, rabin kan amarya a yanke. Ya jera mata na'ura uku a kan kanta. Ta farko tsohon bidiyo ne mai cin kaset, ya sa shi ne kawai don ya ga ko za ta yi ƙoƙarin cusa memorin a bakinsa, ya sami abin ba maƙwabta dariya. Ta biyu faifai kaɗai take ci. Ta uku ce mai ramin memori a gaba.

Ba ta ba shi dariyar ba. Ta shafa kowace da yatsa, ta tsaya a kan mai ɗan ramin.

"Fuska za ta hito babba, yadda dattawa za su gane ta daga nesa?"

"Har ƙurajen fuskar za su gani, Inna."

"Murya fa? Ko mutum a hankali yake magana za a ji?"

Ya ce za a ji, yana kallon titi. Ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, ya katse ta da farashi. Abin mamaki, ba ta yi ciniki ba, ta biya. Aka kira azahar, ta tambayi inda mata ke salla, ya nuna mata bayan layi, ya ce ta bar memorin ya gwada kafin ta dawo. Da ƙyar ta saki memorin.

"Amana ce, ɗana."

Kowa abin hannunsa amana ne, in ji shi a zuci.

To, akwai al'adar layin: duk wanda ya sayi na'ura, ana loda masa waƙoƙi a memori a matsayin gyara, kamar yadda mai kifi ke ƙara ɗan ƙarami a kan kashi. Maƙwabtansa waƙa biyar suke sawa ko shida. Injiniya cika shi yake yi fal, da wannan yake taƙama, da shi yake ƙwace musu masu saye. Ya soka memorin a kwamfuta. Abu ɗaya ne rak a ciki, bidiyo mai tsawo, ba shi da suna sai lambobi, kuma ya cinye wurin duka. Bai ɓata lokacinsa wajen buɗewa ba. Ya share, ya ɗura waƙoƙi arba'in da fim biyu a kai, har kwamfuta ta ce babu sauran wuri.

Da ta dawo ya haɗa na'urar da babban talabijin na shago, ya ƙure murya. 'Yan rawa suka cika gilashi, launi tar, kiɗa har layin masu albasa. Ya harɗe hannu yana jiran godiya.

Ta kalla na ɗan lokaci cikin haƙuri.

"Ta yi kyau. To, sa wancan na ciki."

"Wanne? Ai na share miki tarkacen nan, Inna. Wannan gyara ce, ko kwabo ba za ki ƙara ba."

"Ka share? Maido shi."

"Ba ya dawowa, na riga na ɗora wasu a kai." Ya yi 'yar dariya. "Bikin wa aka yi ne haka da ba za a sake wani ba?"

Tsohuwar ta lalubi bango, ta zame ta zauna a ƙasa, 'yan rawa suna ta juyi a saman kanta. Ba ta yi kuka ba, sai ta shiga ninke ledar da babu komai ciki.

"Ba biki ba ne, wasiyya ce," ta ce. "Wani masunci ne ya yi jinya a ɗakinmu, yarona ya ɗauke shi a waya kwana guda kahin ya cika, yana rantsuwa bai ba kowa gonatai ba, kuma kwana biyu nika bisa hanya don in nuna shi gobe gaban hakimi a Wara, saboda marayan da ya bari, ɗan Malam Yakubu, wai shi Mubarak."