Kwaɗo Biyu a Ƙofar Tsohon Banki

Tunda ka ce an saka ka cikin mutanen da za su zauna a kan tsohon bankin nan na bakin kasuwa, gyara zama in ba ka misali kafin ka tafi. In ka ji muryata ta tashi, ba da kai nake ba.

A wani gari an yi banki a tsakiyar kasuwa, gini mai kaurin bango, da rijiyar burtsatse a bayansa, da ɗakunan da ke da sanyi ko ana tsakiyar bazara. Da mutane suka koma tura kuɗi ta waya, masu bankin suka kwashe kayansu za su koma birni. Kafin su tafi suka ce wa mutanen gari sun ba da aron ginin, sharaɗinsu ɗaya ne, a zo musu da baki ɗaya a kan abin da za a yi da shi. Akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a garin, ita ta fara magana. Ta ce a mai da shi ɗakin haihuwa, domin asibitin da ya fi kusa yana hayin kogi, kuma ta gaji da ganin matan da ake ɗorawa a babur da naƙuda a dawo da su a naɗe cikin tabarma. Kowa ya ce haka ne. Mata suka fito da tsintsiya da bokiti suka wanke ginin tas. Wani kafinta, wanda matarsa ke da ƙaramin ciki a lokacin, ya fara haɗa gadaje ba tare da an roƙe shi ba. Sai manyan gari biyu suka taso, ɗaya ɗan kasuwa mai manyan motoci, ɗaya ɗan siyasa. Kada ka ɗauka sun ƙi ɗakin haihuwa, sun yarda. Abin da ya raba su shi ne sunan mahaifin wa za a rubuta a jikin bango. Wannan ya ce ubansa ne ya kawo banki garin, wancan ya ce filin ma na kakansa ne. Ɗan kasuwa ya aiko aka sa kwaɗo a ƙofa. Da ɗan siyasa ya ji, shi ma ya aiko da nasa aka ɗora a kan na farko. Gari ya rabu gida biyu, har wanda ke cin abinci a ƙofar wannan ba ya gaida wanda ke ci a ƙofar wancan. Tsohuwar nan ta je gidan kowannensu ta durƙusa, da shekarunta da ciwon gwiwarta, ta ce a rubuta sunayen biyu, ko a bar bangon fari. Kowannensu ya ce mata ta je ta gaya wa ɗayan.

Damina ta sauka a kan ginin yana kulle. Iska ta ɗaga kwano, ruwa ya jiƙa silin ya rufto. Ɓarayi suka haura ta baya suka cire famfon burtsatse, 'yan kasuwa suka mai da gindin bangon wurin fitsari, gadajen kafinta suka kumbura a ƙofar shagonsa. Cikin wannan daminar naƙuda ta kama matarsa. Aka kai ta bakin kogi, aka tarar ya cika, mai kwalekwale yana wancan hayi, ta yi ta zubar da jini a kan yashi ana ƙwala masa kira. Kafin ya iso ta cika, da ita da abin da ke cikinta. Manyan nan biyu suka zo gaisuwa da manyan riguna, kowa ya sa aka shimfiɗa masa tabarmarsa daban, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Tsohuwar ta fito daga cikin gida, hannunta bai gama bushewa daga wankan gawa ba, ta tsaya a kansu ta ce, “Kwana na Allah ne, amma kwaɗon ƙofar can naku ne.” Aka ce ta yi rashin kunya. Ko a ranar babu wanda ya cire nasa. To duk wannan abin akwai wani dillali daga birni da ke zuwa yana komawa. Ya zauna da ɗan kasuwa ya ce masa kai ke da gaskiya, ya zauna da ɗan siyasa ya ce masa kada ka sassauta, sannan ya wuce wurin masu banki ya ce mutanen nan ba za su taɓa shiryawa ba, ginin kuwa lalacewa yake yi. Suka sayar masa a wulaƙance. Ya zo da zarto ya yanke kwaɗunan biyu a gaban kowa, ya yi fenti, ya ba wasu baƙi haya suka buɗe shagon caca. Yanzu samarin garin a nan suke wuni, ciki har da 'ya'yan manyan nan biyu, mata kuwa har yau a bakin kogi suke jiran kwalekwale.

Saboda haka in kun zauna gobe, ka ga an bar maganar abin da za a yi da gini an koma ta wa zai yanka ƙyalle, ka buɗe baki tun da wuri, kada ka ji nauyin rawanin kowa. Dillali ba ya nisa, yana bayan taga yana saurare. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.